Nasaran da Ya Shanye Nonon Rugar Ardo

Na sayar da dabbobin da ban san adadinsu ba a kara, wato kasuwar dabbobi ta Dakoro. An ci ni a ciniki, ni ma na ci wasu, kuma yawancin waɗannan ranaku sun bi iska. Amma akwai rana guda wadda ko tsufa ya kwashe mini tunani ba na jin zai iya ɗaga ta, ita ce ranar da na kai wani Nasara rugar Fulani, ya zauna gindin aduwa ya yi kokawa da ƙwaryar nono. Har gobe in na ga mace ta ɗauko masaki sai in ji dariya tana taso mini.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Tutar da ke bariki sabuwa ce, kumandan mai mulkin yankin ma ɗan ƙasa ne irinmu. Ni kuwa ban gaji komai a gidanmu ba sai ƙafa biyu da baki. Da dako na fara a Maraɗi lokacin cinikin gyaɗa, a can na tsinci Faransanci, wanda ake zagi da shi da wanda ake ciniki da shi. Daga baya na dawo Dakoro na shiga kara ina riƙe wa dillalai igiya, har na zama dillali mai turken kansa. Fillanci kuma bakin rijiya ne ya koya mini shi.

Duk rufin asirina a wancan zamani a hannun mutum ɗaya yake, wani Ardon Fulanin Bororo, masu jajayen shanun nan dogayen ƙaho, da ke kiwo arewa da Bader Goula. Duk bijimin da mutanensa za su sayar, ta hannuna yake bi. Kuma na san sarai yadda aka yi na same su. Dillalinsu na farko ya taɓa kai musu wani Nasara, wanda ya sauko daga mota ya cusa wa matansu akwatin hoto a fuska, sannan ya tsaya ya nuna garke da yatsa yana ƙirgawa da ƙarfi. Ba su yi faɗa ba, Bafillace ba ya haka. Tashi kawai suka yi suka sake wuri, dillalin nan kuma bai ƙara ganin ko wutsiyar saniyarsu ba. Ranar da Ardo ya fara kawo mini shanu ya ce da ni, "Kaɗo, duk wanda ka kawo gidana, abin da ya yi kai ka yi." Kaɗo yake kirana, haka suke kiran kowane Bahaushe, ni kuma ina ce masa Baba Ardo.

To kun ga dalilin da ya sa gabana ya faɗi da gardi, dogarin bariki, ya zo ya ce kumandan na kira, na je na tarar da Nasara da matarsa zaune a ofis. Kumandan ya ce baƙi ne daga Faransa, sun zo da motarsu za su ga namun dajin Gadabeji, kuma suna so su ziyarci ruga. An ce masa ba wanda ke jin harshen ɓangarorin biyu sai ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da ciwon baya." Ya ce mota za ta gyara shi. Maganar ta ƙare ke nan.

Nasaran dogo ne siriri kamar zalɓe, da tabarau da gajeren wando, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a ƙasarsu. Madam gajera ce mai yawan fara'a. Tun kafin mu fita gari ya juyo ya ce da ni, "Ba mu zo kallon mutane kamar yadda ake kallon barewa ba. Baƙunci muka zo. Ka faɗa mini duk abin da ba a so, don ba na son in ɓata wa kowa rai." Na dube shi da kyau ko wasa yake, na ga da gaske ne, har gumin damuwa yake yi. Sai na jera masa: kada ya ƙirga shanu ko da ido, kada ya taɓa akwatin hoto sai an ce ya taɓa, kada ya tambayi dattijo sunan matarsa ko na ɗansa na fari. Ya sa na maimaita, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Hankalina ya ɗan kwanta. Na tsare duk ƙofofin da na san Nasara na shiga ya yi ɓarna. Bai taɓa faɗo mini a rai in koya masa shan nono ba. Wa ke koya wa ƙato mai furfura shan nono?

Ƙarshen damina ne, daji kore shar, shanu sun ƙoshi har suna sheƙi. Muna fara hango ƙahoni daga nesa ya kashe mota, wai kada ƙararta ta firgita garke. Na ce a raina wannan yana da hankali. Ban rufe wannan tunanin ba sai na ga ya sunkuya yana kwance takalmi. Na ce, "Me kake yi?" Ya ce ya lura a Maraɗi ana cire takalmi in za a gaida manya. Na ce ai wannan a ƙofar zaure ne, nan kuwa daji ne, kuma ƙarangiya ta nuna. Ya ce gara ƙaya ta soke shi da a ce ya raina mutane. Haka ya rataya takalman a wuya ya shiga cikin ciyawa. Duk wanda ya san ƙarangiyar arewacin Dakoro ya san abin da ya biyo baya. Ya ɗaga wannan ƙafa ya sauke waccan, ya yi tsalle gefe, ya buɗe hannuwa kamar zai tashi sama, bai yi ko uffan ba don kada a ce ya yi raki. Mutanen ruga suka fito suka yi cirko-cirko. Da muka iso, Ardo ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali, "Kaɗo, rawar gaisuwar ƙasarsu ce wannan?" Na ce e, ta manyan mutane ce. Ya ce ta yi kyau, amma da wuya.

Aka shimfiɗa tabarma gindin wata aduwa, yamma da garke inda maza ke zama. Muka miƙa tsarabar da na sa suka sayo, ganyen shayi da sukari da gishiri. Aka yi gaisuwa mai tsawo, Nasara na durƙushe yana amsa duk abin da aka ce da kai. Mata suka zo suka kama hannun madam suka wuce da ita ɓangarensu, bayan dangwalin maruƙa, inda suke jera ƙorensu. Can sai ga yayar Ardo, wata tsohuwa mai kunnuwa cike da zobba wadda kowa ke kira Inna, ta kawo ƙwarya cike da madara rufe da faifai, ta ajiye gaban baƙo, ta juya.

Nan ne ya kamata in yi bayani ga wanda bai san ruga ba. A wurinsu kunya ce a zauna ana kallon baƙo yana ci. In an ajiye masa ƙwarya kowa tashi yake ya ba shi wuri. Shi kuma baƙo in ya sha iya cikinsa sai ya rage saura ya mayar da faifai ya rufe. Wannan saurar ita ce godiyarsa, ita ke cewa na ƙoshi, gidan nan akwai albarka, kuma yara ne ke shanye ta. Ƙwaryar da ta dawo ƙaf kuwa magana ce mai nauyi, cewa take ba ku cika ni ba. Ba matar da za ta ga haka ta zauna. Dole ta ƙaro.

Shi kuwa bawan Allah, kamar yadda ya gaya mini daga baya, uwarsa ta raine su cikin yunwar yaƙi, kuma a gidansu wanda ya bar ko loma a faranti ya zagi mai girki. Da wannan tarbiyya ya zauna gaban ƙwaryar Inna.

Da Ardo ya miƙe, ni ma na miƙe. Ya ce akwai bijimai da yake so in gani can bakin tafki. Dillali kuwa ba a ce masa zo ka ga sa ya ce yana da baƙo. Na ce wa Nasara ya sha a hankali, ina dawowa, na bi Ardo. Abin da ya faru a bayana daga bakin su uku na haɗa shi, shi da madam da Inna.

Ya ɗaga ƙwarya ya sha, ya huta, ya sha, har ya ga gindinta. Don a tabbata ya girmama gida, ya sa yatsa ya suɗe gefen, sannan ya kifa ta a kan tabarma. Inna tana leƙe daga bayan wata bishiya. Ta ga ƙwarya a kife ta ce a ranta baƙon nan ya sha hanya. Ta ɗauko wadda ta fi ta girma, ta cika da kindirmo, ta kawo ta ajiye ta juya. Shi kuma ya ce a ransa ashe al'adar hawa-hawa ce. Ya sassauta bel ɗinsa ya kama. Wannan ma ya kifa ta.

Daga nan abin ya zama yaƙi tsakanin mutum biyu da kowannensu ke tsoron ya kunyata ɗayan. Inna na kawowa gabanta na faɗuwa, shi yana shanyewa idonsa na kawo ruwa. Da nasu ya ƙare ta shiga ƙoren matan ƙannenta ta juye. Da wannan ya ƙare ta aika 'yan mata da gudu rugar maƙwabta a ce a taimaka, Ardo ya yi baƙo mai nauyi. Har saniya aka kamo aka tatsa da tsakar rana, abin da ba a yi, maraƙinta na ta kuka a dangwali. Mafi daɗin labarin kuwa madam ce. Ta ga mata suna ta kai da kawo, ana juye wannan ƙwarya cikin waccan, sai ta ɗauka wani biki ne aka shirya musu. Ta naɗe hannun riga ta shiga aiki, ta riƙe ludayi, ta taya tacewa, har ita ta taya Inna ɗora masaki a ka. Ba ta san cikin mijinta ake cikawa ba.

Muna bakin tafki ina shafa tozon wani jan sa, ina kushe shi da baki ina yabonsa a zuci, sai ga Inna tafe da sauri, zaninta a tattare. Mace ba ta zuwa inda maza ke ciniki sai da dalili. Ba ta ko dubi ƙanenta ba, ni ta tsare.

"Kai Kaɗo, mutum ka kawo mana ko yashi?"

Na ce, "Lafiya, Inna?"

"Ina lafiya! Na zuba na zuba, ko jiƙa bai yi ba. Ba sauran ɗigon nono daga nan har rugar su wancan, na yara ma ya tafi, kuma yanzu na ɗora masa masakin da muke kaɗa mai. In ya kifa wannan, sai dai mu tatso jaki."

Na dubi Ardo. Ya jingina haɓarsa a kan sanda, na ga fuskarsa ta canza. Na san abin da yake gani. Gobe a bakin rijiya za a ce an yi baƙo a rugar Ardo, da kaka, shanu na zubar da nono, ya tashi bai ƙoshi ba. Wannan magana takan bi mutum har jikokinsa. Kuma wa ya kawo baƙon? Na tuna da dillalinsu na farko, wanda a lokacin yake sayar da igiya a bakin kara. Na tattara riga na zura da gudu, na manta ina da ciwon baya.

Na tarar da shi ya jingina da aduwa, ƙafafu a miƙe cike da ƙarangiya, bel a kwance, maɓallan riga a buɗe. Mutumin da da safe yake kamar sanda, yanzu ciki ya fito gaba kamar tulu. Fuska ta yi ja wur, tabarau ya zamo kan hanci, gashin baki fari fat da kindirmo. Ya rungume masaki da hannu biyu, ya kai shi rabi. Da ya gan ni ya ɗago a hankali kamar mai jin tsoron wani abu ya zube, ya ce da ƙaramar murya, "Abokina, al'adar nan da saura da yawa?"

Na ce, "Ajiye! Don Allah ajiye!"

Ya ƙara ƙanƙame masakin. "Ba zan iya ba. Tsohuwar nan ta wahala. In na bari za ta ce na raina abincinta."

"In ka shanye ne ka kashe ta, ka kashe ni! A nan ragewa ake yi. Duk wadda ka kifa, cewa ka yi ba ka ƙoshi ba."

Ya dube ni, ya dubi ƙoren da ke jere a kife gefensa kamar kunkuru sun fito shan rana. Na ga maganar tana shiga kansa sannu a hankali. Ya ce, "Wato tun ta farko..." Na ce tun ta farko. Na ɓamɓare yatsunsa daga masakin, na ɗauki faifai na rufe, na tura shi can tsakiyar fili inda kowa zai gani.

Na ɗauka an tsira. Ashe yanzu aka fara. Ardo ya iso da dattawa, suka zauna suka kewaye shi, ba mai dariya. Na fara bayani cewa al'adar ƙasarsu ce, Ardo ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya san al'ada, amma al'ada ba ta faɗaɗa ciki. Mutumin da ya sha abin da wannan ya sha, ya daɗe yana begen nono.

"Tambaye shi, wa ya bar wa shanunsa da ya taho?"

Na tambaya. Nasara ya ce ba shi da saniya.

"Ciwo ne ya kashe su?"

Ya ce bai taɓa yi ba.

"Ubansa fa?"

Ubansa aikin jirgin ƙasa ya yi.

"Kakansa?"

Nasara ya yi tunani, ya ce kakansa yana da zomaye.

Wani dattijo ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah sarki." Ardo ya ce to a ina yake samun nono. Nasara ya ce kullum da safe wani mutum ke kawowa a kwalba ya ajiye a ƙofar gida. Dattijon nan ya ce, "Sadaka ke nan." Na ce a'a, saye yake. Sai na ga ashe na ƙara ɓata lamarin. Namiji da mata, da furfura, yana sayen nono a kwalba! Inna da ke tsaye nesa ta sa gefen zani ta share ido.

Na ce, "Baba Ardo, mutumin nan fa mai hali ne. Ga motarsa can."

"Tana haihuwa?"

"A'a."

"Ana tatsarta?"

"A'a, ita ma ba ta ake yi ta sha."

"To ka gani. Shi sha, ita sha, gida guda ba mai kawowa."

Suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus, sai ga wani saurayi ya jawo karsana ja, mai farin goshi, idonta kamar na barewa, tana huci. Ina ganinta na san abin da ake nufi. Haɓɓanaye suke kiran abin. In mutum ba shi da saniya, sai mai garke ya ɗaura masa karsana aro. Ya riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, sannan ya mayar da uwar. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a ɗaga mata sanda, kuma ko naka za su kwana da yunwa ita sai ta ci. Ba a kuma ƙin karɓa, domin wanda ya ƙi ta zumunci ya ƙi.

Na ce, "Baba Ardo, jirgin sama fa zai shiga ya koma."

"Ban ce ya hau da ita ba. Wa ya kawo shi?"

Na ce ni ne.

"Saniyar baƙo, a turken mai masaukinsa ake ɗaure ta."

Gaskiya ta zo mini a rai in murɗa fassara, in ce wa Nasara nuna masa ita kawai ake yi, in ce wa Ardo addininsu ya hana. Amma madam ta riga ta iso, ta ga igiya ana miƙo wa mijinta, ta dafe ƙirji. Shi kuma da na yi masa bayani tambaya ɗaya ya yi, "In na ƙi zai ji zafi?" Na ce, "In ka ƙi ka zage shi, ni kuma ka rufe mini kasuwa." Ya ce to shi ke nan, ya karɓa, kuma ya san zan riƙe masa ita da amana. Haka kawai, kamar mai ba ni ajiyar hula.

Ya ce dole ya miƙe tsaye ya yi godiya. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Ya kama igiyar da hannu ɗaya, ya ɗora ɗayan a ƙirji, ya buɗe baki zai fara jawabi. Abin da ya fito ba Faransanci ba ne. Wata irin gyatsa ce doguwa mai amo, wadda ta sa karsanar ta ja da baya, tsuntsayen kan aduwa suka watse. Madam ta rufe fuska da hannu biyu. Sai muryar Inna daga can baya, cike da jin daɗi, "Alhamdu lillahi. Yanzu ya ƙoshi!" Nan rugar ta fashe da dariya, har Ardo, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Shi da kansa ya ce a ɗauko akwatin hoton nan, a ɗauke shi da abokinsa da saniyarsu.

Madam ce ta ja mota da za mu koma. Shi yana kwance a baya, duk ramin da muka faɗa sai a ji cikinsa ya yi ƙara kamar salka a bayan jaki. Ba wani kurmi da muka wuce tsakanin nan da Dakoro da bai sauka ya gaisa da shi ba. A hanya muka ci karo da raƙuman dawa suna cin ganye dab da mota, abin da ya baro ƙasarsu don ya gani ke nan. Madam ta yi ta kiransa ya tashi. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce ta gaishe su.

Suka tafi abinsu bayan ya warware. Ranar kasuwa sai ga karsana an koro mini ita har ƙofar gida. Saniyar Bororo kuwa ba ta san katanga ba, ba ta san kowa ba sai mai ita. Ran farko ta tsinke igiya ta bi ta cikin dangar maƙwabcina ta fita da zana a ƙaho, ta zaga unguwa da ita. Ta kori mata daga bakin turmi ta cinye dusarsu. Maiɗakina ta ce ko ita ko saniyar Nasara, na ce ta yi haƙuri, ita tana jin magana. A kara kuwa na zama abin nishaɗi. In na shigo sai abokan sana'a su ce, "Ga Ardon cikin gari! Yaya kiwo?" Wani mahauci ya yi ta bina yana ƙara tayi, musamman da rani ya yi tsanani ina sayen harawa ina ba ta tana yi mini kallon raini. Ni da ban taɓa barin dabba ta kwana bakwai a hannuna ba, ga ni da wadda ba ta sayuwa. Duk ranar kasuwa kuma Ardo zai zo, ya wuce ni a zaure ya je ya gaida saniya, ya duba haƙarƙarinta, sannan ya dawo ya amsa sallamata.

Daga baya na samo makiyayi wajen Kornaka na haɗa ta da garkensa, na huta ita ma ta huta. Da ta yi haihuwa ta uku na sayi sabuwar igiya da kantun gishiri na kora ta da kaina har ruga. Tun daga ranar masakin nan kuwa, bijimin mutanen Ardo bai taɓa tsayawa a turken wani dillali ba, har danginsu na wajen Tagriss suka biyo su. Da na tsufa na yi ta tunani, anya tausayin Nasara kaɗai ne ya sa tsohon nan ya ciro karsana? Mutumin da ke riƙe da haɓɓanayenka ba ya iya kallon idonka ya rage maka kuɗin sa. Ni ke taƙama da wayo, amma ina jin ranar nan da igiya ɗaya ya ɗaure mu biyu, ni da Nasara.

Nasara bai sake dawowa ba. 'Ya'yan saniyar suka hayayyafa, har yau kowa shanun Nasara yake kiransu, ban taɓa sayar da ko ɗaya ba don ba nawa ba ne. Shekarun da fari ya share garkunan arewa, Ardo ya riga ya rasu, 'ya'yansa suka sauko Dakoro da sanda kawai a hannu. Shanun Nasara da ke wajen Kornaka sun ɗan tsira. Na zaɓi karsana daga jikokin jar saniyar nan na ɗaura wa babban ɗan Ardo. Ya ce ai ba ni da ikon ba da dukiyar wani. Na ce na san mai su, da yana nan takalmi zai cire ya miƙa maka igiyar da hannu biyu.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, ladabi ba kaya ba ne da mutum zai ƙunso daga gidansu ya kwance a gidan wani. Kowane gida da irin nasa, abin da ke godiya a nan zagi ne a can, don haka baƙo ya tambaya, mai kawo shi kuma kada ya raina ƙaramin abu. Amma na ga kuma cewa wanda ya yi kuskure don tsoron ɓata wa mutane rai, mutane na gane shi, su yi masa dariya su kuma riƙe shi ɗan'uwa. Tun daga ranar, duk baƙon da zan kai ruga, kafin in yi masa maganar hoto ko ƙirgar shanu, abu na farko da nake gaya masa tun muna cikin gari shi ne ya sa takalminsa, kuma komai daɗin nono ya rage wa yara.